Ranar da Taguwar Nomau ta Bushe

Sunana Arzika, amma in ka shiga ƙasar Kurfai kana tambayar Arzika, mutum goma za a nuna maka. Ka ce Arzika Baki, ko akuya ta san ƙofar gidan. Shekara biyu na yi a lakkwal, makarantar bokon Filinge, tun Nasara bai naɗe tutarsa ba, na fito da abu biyu: rubuta sunana, da fara kuka tun bulalar mushe, wato malaminmu, tana sama. Sauran karatun daga baya na tsince shi, nan ƙwaya can ƙwaya, kamar kaza a masussuka. Wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, mai shi ma haka yake.

Labarin ƙanena Nomau ne, da yadda na ja shi zuwa Abijan a shekarar babban fari, wadda muka ci jar dawar taimako har muka manta ɗanɗanon gero.

Ana tsakiyar noma aka haife shi, shi ya sa sunan, amma bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe da rana tsaka ba. Nomau ba ya gumi. Ba wai kaɗan yake yi ba, ko ɗigo babu. Fatarsa a bushe take, sumul, kamar an jeme ta. In rana ta ɗaga sai jikinsa ya ɗau zafi kamar tukunyar da aka manta a murhu, ya buɗe baki yana haki. Tun yana goye Innarmu ta gano dabara: taguwar saƙi mai kauri, a tsoma ta a ruwa a sa masa, in ta fara bushewa a sake tsomawa. Da ita ya girma. Gona kuwa da asuba yake shiga, hantsi ya kore shi, sai bayan la'asar.

A wajenmu da gumi ake auna namiji. In an taso daga gayya, mata ba fuska suke duba ba, bayan riga suke duba, su ga wanda gishiri ya yi wa farin zane. Ni ina cikin rana ina ƙonewa, in ɗaga kai in hango shi gindin aduwa da jiƙaƙƙiyar taguwa, kamar angon kwaɗi. Ban taɓa yarda har zuciya cewa ciwo ne ba. Na ɗauka shagwaɓar auta ce da Inna ta shayar da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin komai.

Amma Allah bai hana shi wurinsa ba. Ƙasan rijiya akwai sanyi. Rijiyoyin tudu, waɗanda in ka jefa dutse sai ka gama salati kafin ka ji faɗuwarsa, Nomau ke shiga yana waƙa. Daga garinmu har wajen Abala, in guga ya fara fito da laka, shi ake aika wa ya zo yasa. Da wannan sana'a ya yi aure, matarsa Hadiza ta haifa masa ɗiya, Ladi.

Da fari ya zo, rijiyoyi suna neman yasa, amma masu su ba su da zangarniya ɗaya da za su ba mai yasa. Ni kuma na taɓa zama Kumasi kafin a kore mu tare da sauran baƙi, na dawo da rediyo marar batir da baki ninki biyu. Na ce wa Inna kurmi ƙasar inuwa ce, ruwan sama kullum, rana ma sai an yi mata aike take fitowa. Ta daɗe ba ta yarda ba. Da ta yarda, ba Nomau ta miƙa wa goran ruwa da taguwa biyu ba, ni ta miƙa wa.

Ta ce, "Arzika, ban aike ka ka kawo mini komi ba. Taguwar ga dai, kada ta bushe."

Na ce, "Inna, ko kifi ba zai fi shi jiƙa ba."

Wagadugu

Kamyon albasa ne ya ɗauko mu daga Yamai, ya sauke mu Wagadugu muna wari kamar miyar da ba ta ga nama ba. Kwana uku muka yi a tashar jirgin ƙasa muna jiran wuri. Akwai famfo, saboda haka taguwa ba ta sha wahala ba, ni ma na samu sararin yawon ganin gari da baki buɗe.

A bakin tasha na tarar da taro. Wani mai jan rawani ne da ƙwarya cike da kunamu, ga abokinsa, wani ramamme, tsaye ba riga. Sai ya ɗauki kunama ya ɗora masa a ƙirji, ta ɗaga wutsiya ta kai masa harbi, ramammen ya yi dariya. Ya ɗaga ƙullin magani sama, mutane suka yi ta miƙa hannu. Ni ma na kwance bakin zanen guzurinmu na saya.

Nomau ya ce, "Yaya, mu da ba mu da abin ci, kunama ce damuwarmu?"

Na ce, "Kai rijiya ka sani. Ni na san duniya."

Cikin jirgi

An cusa mu kamar goro a huhu. Rufin ƙarfe, tagogi rabi a kulle, mutum kan mutum, kaji ƙarƙashin kujera. Bayan mun wuce Bobo goranmu ya ƙare. Na taɓa taguwar na ji ta ɗumi, ta fara ƙarfi a kafaɗa. Nomau ya jingina kai da ƙarfe, ya fara hakin nan nasa, idanunsa suka yi ja.

Wani ƙato da ke gabanmu, Bamoshe, ya daɗe yana kallonsa. Ya ciro tulun roba daga tsakanin ƙafafunsa ya miƙo. Na karɓa, maimakon in ba Nomau ya sha, na juye masa a ka da kafaɗu. Sai wata tsohuwa ta fara zagina da yarenta. Ruwan sha ne, a jirgin da kowa ke lasar leɓe.

Ƙaton ya yi magana da Hausar zango, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba. Sunansa Tinga, shi ma korarren Kumasi ne. Ya ɗora tafin hannu a wuyan Nomau, ya duba hannun, ya ga a bushe. Ya juya ya faɗa wa mutane wani abu da Mosanci. Ban san me ya ce ba, na dai ga kwalabe da goruna suna tahowa hannu zuwa hannu, har da na tsohuwar da ta zage ni. Da wannan muka kai tasha ta gaba.

Da hankali ya kwanta, don in nuna wa Tinga ni ma ba ƙaramin mutum ba ne, na fito da ƙullin kunama. Ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kunamar nan an yanke ƙarinsa da reza. Ko jariri ka ɗora wa, ba komai. Toka ka saya."

Nomau ya dai gyara zaman taguwarsa yana kallon taga. Da ya zage ni da ya fi mini. Mai hankali zai fita daga wannan da darasin kada a sake cutarsa. Ni darasin da na ɗauka daban ne: magani ba ya sayar da kansa, wanda ke tsaye kusa da shi ba riga, shi ke sayar da shi.

Abijan

Mun sauka gidan Sumana, Bazabarmen Baleyara, tsohon soja, mai masaukin mutanen wajenmu. Ɗaki ɗaya, maza kamar sardin a gwangwani. Shi ya haɗa mu da aikin dako a kasuwar Ajame, mu da Tinga: kamyo ya tsaya, ka sauke buhu a ka, ka kai sito.

Nan na gane ƙaryar da na yi wa Inna. Ruwa kam akwai, amma zafin can jiƙaƙƙe ne, kamar ka sa kai cikin madambaci. A gida taguwa na saurin bushewa, amma tana sanyaya jiki. A can ba ta bushewa da wuri, ba ta kuma sanyaya komai. Nomau da sassafe yake aiki, in hantsi ya yi sai ya zagaya bayan sito. Akwai wata Bawule mai sayar da kifi a nan, da manyan bahuna cike da ƙanƙara. Ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata, Mama Kifi muke ce mata. Ranar farko ta kore shi da tsintsiya. Rana ta biyu ta ga yadda yake haki, ta tura masa kujera 'yar tsugunno kusa da bahon. Daga nan wurin ya zama nasa. Yana fasa mata ƙanƙara, tana ba shi kan kifi.

Kewar gida ta fi cin sa a kaina. Abincinsu na garin rogo mai tsami, yana ci yana cewa da furar Hadiza ce ko ta kwana uku. Akwai rijiya a tsakar gidan Sumana wadda ake ɗiba da ɗan gajeren igiya, sai ya tsaya yana leƙa ta.

Ya ce, "Yaya, wagga rijiya ce ko kwatarniya? Ladi ma ta iya yasar ta."

Rabin yini yake aiki, rabin lada yake samu. Ga shi saƙo ya zo ta bakin wani direba cewa nonon Hadiza ya ƙafe, da ruwan dusa ake riƙe da Ladi.

Wata safiya, bayan ya sauke buhun shinkafa goma, ya tuɓe taguwar zai sake tsoma ta. Wani ɗan dako da ke wucewa ya dafa bayansa, ya tsaya, ya sake shafawa, ya kira 'yan'uwansa. Kafin ka ce haka an zagaye shi, kowa jikinsa na tsiyaya, kowa na shafa bayan Nomau yana duba tafinsa. Suka tambaya da yaren Jula: me mutumin nan ke sha?

Nomau ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Bakina ya riga nasa.

Na ce saiwa ce. Ba ta tsiro ko'ina sai a ƙasan rijiyoyin Kurfai, inda rana ba ta taɓa gani ba, shi ya sa wanda ya sha ta rana ba ta gane shi. Ba gumi, ba gajiya. Kashegari na daka busasshiyar kuka da 'yar kanwa da jan bulo, na ƙulla a takardar jarida, na sa masa suna Kashe-Gajiya.

Nomau ya ce, "Yaya, wanga abu haram ne."

Na ce, "Kuka ce. Wa kuka ta taɓa kashewa? Ko kana son ɗiyarka ta ci gaba da shan dusa?"

Ya yarda. Da sunan Ladi na ɗaure shi, kuma na san abin da nake yi.

Matsala ɗaya ce: taguwa. Jiƙaƙƙiyar riga a idon mai kallo gumi ce. In za a yi wasa dole a tuɓe ta, a goge jiki tas. Muka tsara: da sanyin safiya, buhu goma ba riga, mutane su shafa, ni in yi ta zuba, sannan ya ce zai yi fitsari, ya zagaya wajen Mama Kifi a jiƙa shi. Abin ya tafi. Har daga bakin tashar jiragen ruwa 'yan dako ke zuwa. Muka aika gida da buhun shinkafa da gwangwanayen madara. Ba zan ɓoye ba, na sayi hula da tabarau, ina tafiya kamar kumandan.

Tinga ya tare ni wata rana yana cin rogo. Ya ce, "Arzika, mai kunama ya fi ka tausayi."

Na ce, "Ta yaya?"

Ya ce, "Shi ya yanke ƙari kafin ya ɗora wa ɗan'uwansa. Kai wa ya yanke maka ƙarin rana?"

Na ce masa hassada ce irin ta Mosawa. A raina kuwa ga abin da ke kwance: yau wata biyu yana tuɓe taguwa, me ya same shi? Ashe dai shagwaɓa ce. Ashe Inna ce ta lalata shi.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce. Wani babban ɗan dako ya zo da mutanensa, ya jefa mini takardun jarida a ƙafa. Ya ce ƙulli bakwai ya sha, gumi sai ƙaruwa, zawo kuma ba a magana. Ya ce sun lura da sanyin safiya kawai muke wasa, kuma kullum sai mutumin ya zagaya baya. In gaskiya ne, ga kamyon shinkafa can ya iso, ga rana tsaka. Ya sauke rabinsa shi kaɗai, ba riga, ba zagayawa.

Da na ce maganin ya ƙare, da na ce yau ba ya jin daɗi, da duka kawai zan sha, kuma na saba. Amma mutane sun taru, ga tabarau a idona.

Na ce, "Rabi kawai?"

Nomau ya dube ni. Ya tuɓe taguwar da kansa, ya linke ta, ya miƙo mini. Na rataya ta a ƙarfen kamyo.

Buhu goma na farko, wasa. A na ashirin 'yan kasuwa suka bar rumfunansu, ana tafi, ana ƙirga masa da yare uku. Bayansa na ƙyalli a bushe kamar sirdi. Na ga ya fara buɗe baki. Na ga ƙafarsa ta fara jan ƙasa. Da ya zo ɗaukar wani, ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali don kada a ji.

Ya ce, "Yaya, kaina shina tafasa."

Na duba cikin kamyo, na ce, "Saura biyar."

Wannan kalma ita ce ke tashe ni har yau. Ya ɗauki buhun. Ya yi taku kamar bakwai, ya karkata kamar mai neman wani abu a ƙasa, ya faɗi, buhun ya fashe a kansa. Jikinsa ya fara karkarwa, idanu suka juye. Na ruga na fizgo taguwar daga ƙarfen kamyo. Ta bushe ƙayau, har tana ƙona hannu.

Ina tsaye da ita kamar gunki, sai ga Mama Kifi ta keto taro, ita da Tinga, suna jan baho. Suka kifar masa da shi gaba ɗaya, ƙanƙara da ruwan ƙarni da kifaye. Ta tsuguna tana cusa masa ƙanƙara a hammata da wuya da tsakanin cinyoyi, tana yi mini faɗa da yarenta. Ban ji kalma ɗaya ba, kuma babu wadda ban gane ba. Cinikinta na ranar duka ya tafi cikin turɓaya. Tinga ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi titi. Masu ƙulli bakwai suka yi kaina. Haƙoran gabana biyu a Ajame na bar su, kuma ban taɓa cewa an zalunce ni ba.

Gidan likita

Kwana huɗu bai san inda yake ba. A na biyar ya buɗe ido ya nemi ruwa, amma harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya ja ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Da ya miƙa hannu zai karɓi kofi, hannun ya wuce kofin.

Lokotoron, wato likitan, ɗan ƙasar ne, matashi, mai tabarau na gaskiya. Sumana ke fassara. Bayan kwanaki ya ce yana son gwada wani abu. Ya shafa wa Nomau jan maganin miki a baya, ya bari ya bushe, ya barbaɗa farin garin sitati. Ya ce a yi wa ɗan'uwansa ma, don a kwatanta. Aka kwantar da mu rub da ciki, gado kusa da gado. Ba a daɗe ba garin da ke bayana ya sha gumi ya rine baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Na Nomau yana nan fari fat, sai 'yan ɗige-ɗige kusa da hammata.

Lokotoro ya ce ƙofofin da gumi ke fita ne ba a halicce shi da su ba, sai 'yan kaɗan. Ya ce a littafi ya karanta abin, bai taɓa gani da ido ba. Abin da ya ruɗa shi, masu wannan yawanci ba su da gashi, ba su da haƙora sai ɗaya biyu masu tsini. Ga Nomau da sumarsa, ko da ba ta da yawa, ga haƙora, biyu na ƙasa kawai ba su taɓa fitowa ba, mu kuma wushirya muka ɗauke su. Sai ya ce a tambaye ni: cikin 'yan'uwan uwarku maza, babu wani marar gashi, marar haƙori?

Akwai kuwa. Kawu Tanko. Ƙanen Inna, wanda ke zaune bakin fadama, ba suma, ba gira, haƙora biyu kamar ƙusa. Wata bazara ya faɗi a hanyar dawowa daga kasuwar Baleyara, aka ce iskoki. Yara suna bin sa da waƙa: "Ƙoƙon Tanko ba ya tsiro, ko damina ta yi bakwai." Ni na ƙirƙiro waƙar. Ba wanda ya taɓa haɗa shi da Nomau, don ba su yi kama ba ko kaɗan.

Lokotoro ya sake tambaya: uwarku fa, tana gumi ko'ina? Na ce tana yi mana. Sai na tuna ta tana sussuka, ta ɗaure zane a ƙirji. Ƙaiƙayi ba ya manne mata a baya gaba ɗaya kamar sauran mata, layi-layi yake kamawa, wani wuri ya kama, wani ya zame, kamar ratsin saƙi. Muna yara har wasa muke da shi. Lokotoro ya buga tebur a hankali. Ya ce shi ne. Ta wajen uwa yake bi, mata su ɗauko shi kaɗan, maza su sha shi da yawa, kuma ba kama ɗaya yake fitowa ba. Ya ce duk wanda ya koya wa mutumin nan sa jiƙaƙƙiyar riga, shi ya raya shi. Sannan ya ce, to me ya sa ya tuɓe ta da rana tsaka?

Sumana bai fassara wannan da sauri ba. Ya dube ni, ya juya ya ba shi wata amsa da Faransanci. Da muka fito ya ce, "Na ce masa ba mu sani ba. Kala suru, sai haƙuri, Arzika. Amma kai ka sani."

Gida

Mutanen gidan Sumana suka haɗa mana guzuri. Tinga ya raka mu tasha da tulun robarsa, ya ce mu riƙe. Mama Kifi ta ba Nomau busasshen kifi a ganye, ni ko kallo ban samu ba.

Inna na zaune ƙofar ɗaki lokacin da muka shigo, ina riƙe da shi a kafaɗa, yana tafiya yana buɗe ƙafafu kamar mai taka kwalekwale. Ba ta yi kuka ba. Ta taɓa taguwar, a jiƙe take sharkaf, don tun daga Baleyara nake zuba mata ruwa kamar mai ban ruwan albasa. Ta dube ni.

Ta ce, "Ta bushe?"

A duk rayuwata ba a taɓa riga ni magana ba sai ranar. Mai nauyin harshe ya riga ni.

Ya ce, "Ba ta... bushe ba, Inna. Zazzaɓin... kurmi ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki goran da na ajiye a gabanta, ta mayar mini a hannu, ta ce, "To, riƙe."

Nomau bai sake shiga rijiya ba. Wanda ba ya iya tsayawa daidai a ƙasa, wa zai ɗaura masa igiya? In an zo neman mai yasa, sai ya bi su da sanda, ya zauna a baki, ya leƙa, ya ce, "A bi... ta gabas, nan... idon yake." Wani ya shiga. Ni na shiga sau da yawa, ni da ke tsoron ko rumbu mai zurfi, ina kuka a ƙasa yana yi mini dariya a sama. Shekara goma sha ɗaya na riƙe goran nan. Inna ta rasu ban faɗa mata ba. Nomau ma ya bi ta a fari na biyu, tari ne ya ɗauke shi, da sanyi. Ni na yi masa wanka. Ranar ce kaɗai na zuba masa ruwa bai ce mini ya isa ba.

Ladi ta girma a hannuna, ta yi aure nan cikin gari. Tun tana budurwa na ga ƙaiƙayi yana kama bayanta layi-layi, na kau da kai. Wata bazara ta haifi namiji. Ana saura kwana biyu suna na ji ana cewa jaririn na zazzaɓi, na shiga. Tsofaffin mata sun naɗe shi da zane uku, ga garwashi a kasko, wai kada iska ta shige shi. Na sa yatsa a bayan wuyansa. Zafi kamar dutsen guga, kuma a bushe.

Na ce a kwance shi, a fitar da wutar, a kawo ruwa.

Uwar mijinta ta ce, "Arzika Baki, yau kuma ungozoma ka zama? Mi ka sani ga jinjiri? Tahi ka yi ƙaryarka a kasuwa."

Wa zai yarda da ni? Ni na jawo. Sai na zauna a ƙasa, a ɗakin mai jego, inda namiji ba ya zama, na ba su labarin nan duka, tun daga kunama har "saura biyar". Ban rage komai ba, har tabarau. Kafin in gama, Ladi ta warware zannuwan da kanta, ta tsoma kallabinta a randa, ta shimfiɗa masa. Muna zaune numfashinsa ya sauka, ya kama nono.

Da matan suka fita na ce, "Ladi, kin ji wanda ya lalata ubanki."

Ba ta ɗago ba, tana gyara jiƙaƙƙen kallabin. Ta ce, "Baba Arzika, mun sani. Tun muna ƙanana shina ba mu labarin."

Na ce, "Mi ya ce?"

Ta ce, "Ya ce tunda anka haife shi, ranar ce kaɗai anka yi mai tafi cikin rana. Ya ce biyar sunka rage, kuma da bai yi tuntuɓe ba da ya gama su."

Bai yi tuntuɓe ba. Ina wurin, ƙasar sumul take. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na rufe, karo na biyu a rayuwata.

Ta miƙo mini ƙwaryar ruwan, ta ce, "Riƙe, hannuna ya gaji. In ya fara bushewa ka zuba."